Me ya sa kallon ƙwallon jami'o'i ke neman gagarar talaka a Amurka?

A watan Satumban shekarar 2024, Jami'ar Tennessee da ke kudancin Amurka ta aike wa magoya bayan ƙungiyarta ta ƙwallo da wani saƙo da ba su saba ganin irinsa ba. Jami'ar ta ce daga kakar wasa ta 2025 kuɗin tikiti zai ƙaru da kimanin kashi 4.5 cikin ɗari, sannan za a ɗora wani kashi 10 cikin ɗari a kai, wanda da shi ne za a riƙa biyan 'yan wasa.

Ma'ana, kujerar da mutum ke biya wa dala 1,000 a shekara ta koma kusan dala 1,150.

Filin wasan jami'ar, wanda ke birnin Knoxville, yana ɗaukar mutum 101,915, kuma cika yake yi maƙil a ranakun wasa. Ga kuma miliyoyin daloli da ke shigowa daga gidajen talabijin a kowace shekara. Wannan ne ya sa mutane da dama suka riƙa tambayar yadda aka yi makarantar da ke samun irin wannan kuɗi har take bin 'yan kallo da ƙoƙon bara.

Amsar tana cikin yadda aka gina harkar wasannin jami'o'i a ƙasar: duk abin da ya shigo kashe shi ake yi, kuma duk lokacin da wani sabon nauyi ya taso, a wuyan ɗan kallo da ɗalibi yake ƙarewa.

Wasan da ya girmi manyan ƙungiyoyi

Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da tamaular da aka sani a Afirka da Turai. Ya fi kama da zari-ruga: ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa, 'yan wasa kuma na sanye da hular kwano da sulke saboda karo.

A jami'o'i wasan ya samo asali. An yi karawar farko tsakanin Rutgers da Princeton ranar 6 ga watan Nuwamban 1869, fiye da shekara 50 kafin a kafa gasar ƙwararru ta NFL. Saboda yawan mace-mace a fili, inda aƙalla 'yan wasa 18 suka rasa rayukansu a shekarar 1905 kaɗai, Shugaba Theodore Roosevelt ya matsa lamba a gyara dokokin wasan. Daga nan ne aka kafa hukumar da daga baya ta zama NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i.

A yau jami'o'i sama da 130 ne ke fafatawa a rukunin farko. Takwas daga cikinsu na da filayen da ke ɗaukar fiye da mutum 100,000 kowanne. Mafi girma shi ne na Jami'ar Michigan mai kujeru 107,601, wato ya zarce Wembley na Ingila mai kujeru 90,000. Babu wata ƙungiyar NFL da ke da fili mai girman haka.

A jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma, inda babu ƙungiyar NFL, ƙungiyar jami'a ce abin alfaharin jama'a. Akwai iyalan da suka gaji kujera ɗaya tun daga kakanni. Da yawa daga cikin masu cika filin ma ba su taɓa zama a ajin jami'ar ba. Manoma ne da malaman makaranta da ma'aikatan masana'antu waɗanda ke tuƙo mota na sa'o'i a kowace Asabar daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba.

Daga ina kuɗin ke shigowa?

Har zuwa farkon shekarun 1980, hukumar NCAA ce ke da wuƙa da nama a kan nuna wasanni a talabijin, kuma ta taƙaita yawan lokutan da za a nuna kowace ƙungiya, don gudun kada mutane su daina zuwa fili. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, kuma a shekarar 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa wannan tsari ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwanci.

Tun daga lokacin, kowane rukunin jami'o'i ke cinikin wasanninsa da kansa, farashin kuma bai daina hawa ba.

A shekarar 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan 7. Rukunin SEC, wanda Tennessee ke ciki, ya sayar wa ESPN manyan wasanninsa a kan kimanin dala biliyan 3 na tsawon shekara goma daga 2024. Ita ma gasar fitar da zakaran ƙasa, wadda aka faɗaɗa daga ƙungiyoyi 4 zuwa 12 a 2024, ESPN ta amince ta biya dala biliyan 7.8 a kanta na shekara shida.

Bayan talabijin akwai kuɗin tikiti, da gudummawar tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni, da tallace-tallace, da cinikin riguna da huluna. Sashen wasanni na Jami'ar Texas ya bayar da rahoton samun sama da dala miliyan 300 a shekarar kuɗi ta 2024.

Rijiyar da ba ta cika

Duk da haka, alƙaluman NCAA sun nuna cewa a shekarar 2019 jami'o'i 25 ne kacal daga cikin 130 na rukunin farko sashen wasanninsu ya samu abin da ya zarce abin da ya kashe. Sauran sai da aka cike musu giɓi daga asusun makaranta, ko kuɗin ɗalibai, ko baitulmalin jiha.

Hatta manyan ba su tsira ba. Jami'ar Ohio State, wadda ta lashe kofin ƙasa a watan Janairun 2025, ta bayar da rahoton giɓin kusan dala miliyan 38 a shekarar kuɗin da ta gabaci wannan nasara.

Masana tattalin arziki na danganta hakan da yanayin sassan wasannin kansu. Ba kamfanoni ba ne da ke da masu hannun jari da ke jiran riba a ƙarshen shekara. Abin da ake auna shugaban sashen da shi shi ne nasara a fili, don haka duk dalar da ta shigo, amfaninta ɗaya ne: a kashe ta wajen shan gaban abokan hamayya. Da yake doka ta daɗe tana hana biyan 'yan wasa albashi, sai kuɗin suka karkata zuwa wasu wurare.

Na farko shi ne aljihun masu horarwa. Lokacin da Jami'ar Alabama ta ɗauki Nick Saban a shekarar 2007 a kan dala miliyan 4 a shekara, an yi ta ce-ce-ku-ce. A 2024 Jami'ar Georgia ta sabunta kwantiragin kocinta Kirby Smart a kan dala miliyan 13 a shekara, wato fiye da ninki 30 na albashin shugaban Amurka, wanda yake dala 400,000. A yawancin jihohin ƙasar, kocin jami'a ne ma'aikacin gwamnati mafi yawan albashi.

Korar koci ma wata asarar ce. Da Jami'ar Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher a watan Nuwamban 2023, kwantiraginsa ya wajabta mata biyansa sama da dala miliyan 75 ba tare da ya sake yi mata aikin ko da kwana ɗaya ba.

Na biyu shi ne gine-gine. Tun da ba a iya jawo yaro mai hazaƙa da albashi, sai aka koma jawo shi da ƙawa. Jami'ar Clemson ta buɗe cibiyar 'yan ƙwallo ta dala miliyan 55 a 2017, har da wuraren shaƙatawa da wasannin nishaɗi a ciki. A 2024 hukumar gudanarwar Penn State ta amince da kashe har dala miliyan 700 wajen gyaran filinta. Galibin irin waɗannan ayyuka da bashi ake yin su, wanda ake ɗaukar gomman shekaru ana biya.

Na uku shi ne sauran wasanni. Ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando na maza ne kaɗai suka saba kawo riba, kuma da ita ake ɗaukar nauyin guje-guje da ninƙaya da kokawa da sauransu. Ohio State kaɗai na da ƙungiyoyi 36. Wata doka ta shekarar 1972 kuma ta haramta nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, don haka dole a samar wa mata nasu guraben.

Neman kuɗin talabijin ya kuma haifar da wani sabon kashe kuɗin. A 2024 jami'o'i huɗu na gaɓar yammacin ƙasar, wato USC da UCLA da Oregon da Washington, sun koma rukunin Big Ten, wanda cibiyarsa ke tsakiya da gabashin Amurka. Tafiya daga Los Angeles zuwa Rutgers a jihar New Jersey ta kai kusan kilomita 4,000, nisan da ya fi na Kano zuwa Jidda, kuma ba 'yan ƙwallon ƙafa kaɗai ke yin ta ba.

Kura da shan bugu

Fiye da shekara ɗari, matsayin NCAA shi ne cewa 'yan wasa ɗalibai ne, ladansu kuma shi ne karatu kyauta da abinci da wurin kwana. Masu suka sun daɗe suna kallon tsarin a matsayin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, musamman ganin cewa wasa ne da ke jawo karaya da raunin ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda ke samun shiga NFL daga jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Kotuna ne suka rushe wannan ginin sannu a hankali. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na UCLA, ya shigar da ƙara a 2009 bayan ya ga an yi amfani da kamanninsa a wasan kwamfuta ba tare da an biya shi ko sisi ba, kuma ya yi nasara a 2014. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka yi ittifaƙi a wata shari'ar cewa NCAA ba ta fi ƙarfin dokar kasuwanci ba. Daga ranar 1 ga Yulin wannan shekara aka bai wa 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu ta hanyar talla.

Nan da nan attajiran magoya baya suka kafa asusu-asusu na tara kuɗin da ake bai wa 'yan wasa da sunan talla. Da aka kuma sassauta dokar sauya makaranta, sai ya zamana ɗan wasa na iya tashi zuwa inda aka fi tayi a ƙarshen kowace kaka.

Babban sauyin ya zo ne ranar 6 ga watan Yunin 2025, lokacin da mai shari'a Claudia Wilken ta wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sulhun wata shari'a da ake kira House, sunan wani ɗan wasan ninƙaya da ke cikin masu ƙara. Sulhun ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma. Ya kuma bai wa kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai-tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, adadin da zai riƙa ƙaruwa duk shekara. Yawancin manyan jami'o'i sun ware wa ƙwallon ƙafa kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin.

A takarda, biyan ba tilas ba ne. Amma jami'ar da ta ƙi biya ta san cewa gwanayenta za su watse. Kuma babu wanda ya rage albashin koci ko ya yafe bashin gini domin samar da wannan kuɗi.

Abin da ɗan kallo ke biya

Farashin da ke jikin tikiti wani ɓangare ne kawai na abin da mai son kallo ke kashewa.

A manyan jami'o'i, kafin mutum ya samu damar sayen tikitin kaka a wuri mai kyau, sai ya fara bayar da abin da ake kira gudummawa ga asusun wasanni, a kan kowace kujera, kuma a kowace shekara. Gwargwadon kusancin kujerar da tsakiyar fili, gwargwadon yawan gudummawar. Wanda ya fi bayarwa shi ke fara zaɓen kujera da wurin ajiye mota. A wasu lokutan jami'a kan sake rabon kujerun gaba ɗaya, sai iyalin da suka shekara 40 a wuri guda su tsinci kansu a can ƙololuwa idan ba za su iya biyan sabon farashi ba.

A da, dokar haraji ta ba mutum damar cire kashi 80 cikin ɗari na wannan gudummawa daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai. Dokar harajin da aka zartar a ƙarshen 2017 ta soke wannan rangwame, abin da ya ƙara wa kujerar tsada ko da farashinta bai motsa ba.

Tikitin kaka kuma dunƙule yake. Cikin wasanni shida zuwa takwas na gida, akwai biyu ko uku da ake yi da ƙananan jami'o'i waɗanda ake biya domin su zo a lallasa su. Wani lokaci reshe kan juye da mujiya: a watan Satumban 2024 Notre Dame ta biya Northern Illinois dala miliyan 1.4, baƙin kuma suka doke ta da ci 16 da 14 a gidanta. Wanda kuma ke son babban wasa ɗaya kawai, sau da yawa sai ya bi ta shafukan intanet na masu sayar da tikitin hannu, inda farashi ke hawa gwargwadon yawan masu nema.

Sai kuma kuɗin mai da abinci da masauki. Yawancin jami'o'in a ƙananan garuruwa suke, inda otal-otal ke ninka farashi a ƙarshen makon wasa, wasu ma su ce sai an kama ɗaki na kwana biyu. Gidajen talabijin ne kuma ke tsayar da lokacin fara wasa, galibi kwana 12 ko ma kwana 6 kafin ranar, don haka magidancin da zai taho daga nesa ba ya sanin ko da rana za a yi ko sai dare ya raba zai kama hanyar gida.

Sabbin gine-ginen ma sun nuna wanda ake nema. Jami'ar Northwestern da ke kusa da Chicago ta rushe filinta mai kujeru kusan 47,000 a 2024, domin gina sabo mai kujeru 35,000 a kan sama da dala miliyan 800. Kujeru sun ragu, ɗakunan alfarma sun ƙaru. Domin neman ƙarin kuɗi, rukunin SEC ya ɗage haramcin sayar da barasa ga jama'a a filayensa a 2019, a 2024 kuma NCAA ta amince a riƙa zana tambarin kamfanoni a tsakiyar fili.

Ɗalibin da bai taɓa shiga fili ba

Shi ɗan kallo yana da zaɓin zama a gida. Ɗalibi ba shi da wannan zaɓi a makarantu da dama, domin kuɗin wasanni na cikin kuɗin makarantar da ya zama dole ya biya. A Jami'ar James Madison da ke jihar Virginia, abin da kowane ɗalibi ke biya domin wasanni ya haura dala 2,000 a shekara. Clemson, wadda a da ba ta karɓar irin wannan kuɗi, ta ƙaƙaba dala 150 a kowane zangon karatu daga 2025, ita kuma Jami'ar South Carolina ta sanya dala 300 a shekara.

Wannan na faruwa ne a ƙasar da bashin karatu da ke kan jama'a ya haura dala tiriliyan 1.6. Ke nan akwai ɗaliban da ke cin bashi domin ɗaukar nauyin wasan da ba sa kallo, ciki har da dubban 'yan Afirka da iyayensu ke biya musu daga gida.

Akwai kuma fargaba game da makomar ƙananan wasanni, waɗanda ta hanyarsu ne 'yan Afirka da dama suka samu karatu da horo. Tobi Amusan ta Najeriya, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a shekarar 2022, a Jami'ar Texas da ke El Paso ta goge, kamar yadda Blessing Okagbare ta yi kafin ita. Sulhun 2025 ya ƙayyade yawan 'yan wasan da kowace ƙungiya za ta ɗauka, kuma duk lokacin da aljihu ya yi zafi, irin waɗannan wasanni ake fara dubawa. A 2020 Jami'ar Stanford ta sanar da soke wasanni 11, sai da matsin lambar tsofaffin ɗalibai ya sa ta janye a shekarar da ta biyo baya. Dokokin bizar karatu kuma sun taƙaita hanyoyin da ɗalibi baƙo zai samu kuɗi a cikin Amurka, abin da ke sa cin gajiyar sabon tsarin ya yi musu wuya fiye da takwarorinsu 'yan ƙasa.

Ina aka dosa?

Alƙaluman masu zuwa kallo sun nuna alamun gajiya. A shekarar 2008 matsakaicin 'yan kallo a kowane wasa na rukunin farko ya kai kusan 47,000. A 2021 ya faɗo ƙasa da 40,000, kodayake ya ɗan farfaɗo a shekarun da suka biyo baya. Jami'ar Nebraska, wadda ke tinƙaho da cewa tun 1962 ba a yi wasan gida da tikiti ya yi kwantai ba, sai da wasu attajirai suka saye ragowar tikiti a 2021 suka raba wa yara domin kada tarihin ya yanke.

Shugabannin wasanni na kare kansu da cewa jama'a ne ke neman nasara, nasara kuma da kuɗi ake sayenta. Suna kuma cewa ƙungiya mai tashe na jawo wa makaranta suna da ɗalibai da gudummawa. Masu suka na mayar da martanin cewa biyan 'yan wasa haƙƙi ne da aka daɗe da tauyewa, amma kamata ya yi a ciro shi daga albashin koci-koci da ƙawar gine-gine, maimakon a ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi.

Wasu jami'o'in sun fara neman mafita a wajen tsarin da aka saba. A 2025 Jami'ar Kentucky ta mayar da sashen wasanninta wani kamfani da ke ƙarƙashinta, yayin da wasu suka shiga tattaunawa da kamfanonin zuba jari. A watan Yulin wannan shekara Shugaba Donald Trump ya sanya hannu kan wani umarni da ke neman a kare guraben wasannin mata da ƙananan wasanni.

A Knoxville kuwa, duk da ƙarin da aka yi, Jami'ar Tennessee ta sayar da dukkan tikitin kakar 2025 sama da 70,000, ga kuma dubban mutane a layin jira. Ga sauran jami'o'i, darasin a fili yake: muddin akwai mai jiran kujerar, wanda ya kasa biya sai dai ya tashi ya ba shi wuri.